Sai ɗan kwangila ya zama ɗan gida?

"Aikinsa ba laifi, amma ba ya shiga mutane." Da wannan magana ake sallamar 'yan kwangila da yawa, kuma galibi ba a gabansu ake faɗinta ba. Wa'adi ya cika, a ƙi sabuntawa, mutum ya tattara kayansa ya tafi yana neman inda aikinsa ya gaza, alhali ba a kan aikin aka yanke masa hukunci ba.

Ni sana'ata kafa manhajar lissafi da ta kayan sito ce a kamfanoni. Nakan shiga wuri in yi wasu watanni, in haɗa tsarin, in koya wa ma'aikata, in miƙa musu, in wuce gaba. Don haka maganar nan ta shafe ni kai tsaye, kuma na daɗe ina juya ta a raina. Inda na tsaya shi ne, akwai sajewar da ta wajaba a kan ɗan kwangila, wadda a wasu ayyukan ma rayukan mutane ne suka rataya a kanta. Akwai kuma wadda babu mai haƙƙin nemanta daga gare shi. Masu ba da aiki sukan cakuɗa su, su yi sakaci da ta farkon, su matsa lamba a kan ta biyun.

Bari in fara da wadda ta wajaba.

Duk wurin aiki yana da ilimi iri biyu: wanda aka rubuta, da wanda yake cikin kawunan mutane. Takardar da manaja zai ba ka a ranar farko za ta ce kaya suna zuwa da takardarsu, mai sito ya ƙirga, ya sa hannu, akanta ya shigar. Haka abin yake a rubuce. A wani kamfani da na yi wa aiki, sai da na ja kujera na zauna kusa da dattijon da ke riƙe da sito, na ce masa, "Baba, idan mota ta iso bayan an tashi, kuma direba bai zo da takarda ba, yaya kuke yi?" Ya dube ni ya ce, "Injiniya, ai kai ne farkon wanda ya tambaya." Ya jawo wani littafi daga durowa. A ciki yake rubuta duk kayan da suka riga takardarsu isowa, wani lokaci takardar sai bayan mako take zuwa, kuma kafin nan an riga an fitar da rabin kayan zuwa wajen masu saye. Manhajar da aka ce in kafa ba ta yarda a fitar da abin da ba a shigar ba. Da an bi takardar manaja kawai, da ranar da aka kunna ta sito zai tsaya cik, a ce manhaja ba ta da kyau, ko a ce dattijon ya ƙi koyo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba zai nuna wa wanda bai gaishe shi ba, balle wanda ya shigo yana kallonsa a matsayin tsohon yayi.

To wannan ita ce sajewar da nake nufi. Ka san wa ke yin me. Ka san wa za ka gaya wa kafin ka taɓa wani abu, da wanda za ka gaya wa bayan ka taɓa. Ka ajiye fayil inda suke ajiye nasu, da irin sunan da suke sa wa nasu, ko da kana ganin naka tsarin ya fi. Idan suna taron safe na minti goma don kowa ya faɗi abin da yake kai, ka tsaya a ciki ka faɗi naka. Idan ka bar aiki rabi, ka faɗa da bakinka ga wanda zai tarar da shi.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya nemi labarin Piper Alpha. Dandamalin haƙar mai ne na kamfanin Occidental a Tekun Arewa, ɓangaren Birtaniya. Ranar 6 ga Yulin 1988, ma'aikatan wani kamfanin kwangila suka cire bawul ɗin kariya, wato abin da ke rage matsi idan ya yi yawa a bututu, na ɗaya daga cikin famfuna biyu masu tura ruwan gas, don a gwada lafiyarsa. Yamma ta yi aikin bai ƙare ba, sai aka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe wanda ba a ɗaure tamau ba, aka mayar da takardar izinin aiki ofis. Takarda ta koma, amma ba a zauna baki da baki an ce wa 'yan aikin dare famfon nan ba shi da bawul, kada a tayar da shi ba. Takardar gyaran famfon tana wuri guda, ta bawul ɗin tana wani wurin daban. Cikin dare sai famfo na biyu ya tsaya. 'Yan dare suka duba, ba su ga abin da zai hana su tayar da na farkon ba, suka tayar. Gas ya tsiyayo, wuta ta tashi wajen ƙarfe goma, mutum 167 suka rasa rayukansu. Binciken da Lord Cullen ya jagoranta, wanda rahotonsa ya fito a 1990, ya gano cewa tsarin izinin aiki da na miƙa aiki tsakanin 'yan rana da 'yan dare ya daɗe da yin rauni, kuma ba a bai wa shugabannin 'yan kwangila horon da ya kamata a kan tsarin ba. Waɗanda suka cire bawul ɗin sun iya aikinsu. Abin da ya yanke shi ne igiyar magana tsakaninsu da masu wurin.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter a kan abu mai kama da wannan. Manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta tana fitar da alƙaluman ƙarfin turi da ma'aunin fam, masu tuƙa kumbon a cibiyar JPL ta NASA kuma suna karanta su a matsayin ma'aunin newton, kamar yadda yarjejeniya ta tanada. Bambancin ya ninka sau huɗu da kusan rabi. Wasu masu tuƙin sun lura lissafi ba ya daidaita tun ana tafiya, amma damuwar tasu ba ta bi hanyar da za ta tilasta a tsaya a bincika ba. Ranar 23 ga Satumban 1999 kumbon ya sauko zuwa kimanin kilomita 57 daga doron Mars maimakon 226, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Yawancinmu ba a kan dandamalin mai ko kumbo muke aiki ba. Asarar da muke jawowa ita ce albashin da ya makara, ko kayan da suka ɓace a lissafi. Amma hanyar ɓarnar ɗaya ce.

Sai dai ga abin da ke ci mini rai: wannan sajewa ba ɗan kwangila kaɗai ke yinta ba, kuma rabi mafi girma yana hannun mai ba da aiki. Ka shiga wuri, a ba ka tebur a lungu nesa da mutanen da aikinka ya shafa. Ka jira lambar sirrin shiga kwamfuta har mako ya shuɗe. A yi taro a canza shawara a kan abin da kake ginawa, ba a kira ka ba, ba a sa sunanka a imel ba, sai ka ji a bakin masinja. Ba a gabatar da kai ga kowa ba, don haka ma'aikata suna ganinka da kwamfuta kana tambayoyi sai su ɗauka an turo ka ne ka rubuta sunayen waɗanda za a kora. Bayan duk wannan a zo a ce ba ka shiga mutane. Ta wace ƙofa za ka shiga?

Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya bayyana tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya makara yana ƙara masa makara. Ga biyu daga cikin dalilansa: sabon zuwa yana cin lokacin tsofaffi kafin ya fara amfani, kuma hanyoyin magana suna ƙaruwa fiye da yawan mutane. Mutum biyar suna da hanya goma a tsakaninsu. Ka ƙara ɗaya su zama sha biyar. Mutum goma, hanya 45. Ɗan kwangila kusan kullum shi ne wannan ƙarin mutumin, kuma kusan kullum sai aiki ya makara ake kiransa. Manajan da ya ɗauke shi yana zaton ya sayi sauri, bai ware wa kowa lokacin zama da shi ba, ya sayo wa kansa jinkiri ne. Da zai ce wa ma'aikaci ɗaya, "Wannan makon rabin lokacinka na baƙon nan ne, duk abin da ya tambaya ka nuna masa," da ya rage kusan duk ƙorafin da zai zo ya yi daga baya.

Mu ma 'yan kwangila muna da namu. Akwai masu shigowa da ɗagawa, su fara da kushe abin da suka tarar: wa ya yi wannan shirmen? Wanda ya yi shi yana zaune a gefe yana ji, kuma wataƙila ya yi shi ne da kayan aiki kaɗan, cikin matsi, shekaru kafin ka san wurin. Daga ranar ka rasa shi, kuma shi ne ya fi kowa sanin inda wayoyin suka bi. Akwai masu ɓoye yadda suka yi abu don a ci gaba da nemansu. Wannan cin amana ne, ba wayo ba. Ma'aikatan gida kuma sukan ji labarin abin da ake biyan ɗan kwangila a rana, su kwatanta da albashinsu, zuciya ta ɓaci. Ba su lissafa cewa a cikin kuɗin nan ne zai cire harajinsa, da jinyarsa, da watannin da zai zauna ba aiki, da tsufansa, tunda ba fansho ba garatuti ba hutun shekara. Ba na ganin laifinsu, ba a yi musu bayani ba ne. Abin da ya rage gare ka shi ne ladabi, gaisuwa, da kuma idan aka yaba aikin a gaban shugabanni ka ambaci sunayen waɗanda suka nuna maka hanya.

Yanzu ga ɗaya sajewar.

Za a ce maka, in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma ka nemi igiya ka ɗaura. Akwai gaskiya a ciki, na riga na faɗi iyakarta. Amma idan manaja ya ce yana son ɗan kwangilar da zai saje, sau da yawa ba taron safe yake nufi ba. Yana nufin wanda zai zauna har dare don kowa yana zama, ko da aikinsa ya ƙare tun la'asar. Wanda zai amsa saƙon WhatsApp a tsakar dare da ranar hutu. Wanda idan aka ce, "Tunda kana nan, duba mana wannan ma, ai kai namu ne," ba zai ce wannan ba ya cikin yarjejeniya ba. Wanda zai shiga hirar bayan ido, ya zaɓi ɓangare a rigimar da aka fara tun kafin ya zo. Uwa uba, wanda zai koyi abubuwan da ba a faɗa a wurin, shi ma ya daina faɗa.

Wannan na ƙarshen shi ne babbar asara, domin yana kashe ainihin abin da aka biya kuɗi a samu. Ma'aikacin dindindin yana da ƙarin girma da yake jira, yana da shugaban da zai rubuta rahotonsa a ƙarshen shekara, yana da shekaru a gaba da zai yi da mutanen nan. Dole ya auna kowace kalma. Ni ba ni da ko ɗaya daga ciki. Shi ya sa zan iya shiga ofishin babban manaja in ce, "Yallaɓai, manhaja ba za ta gyara wannan ba. Mutum ɗaya ne yake yin odar kaya, shi yake karɓa, shi yake sa hannu a biya. Ko waliyyi ne, bai kamata a bar shi haka ba." Kowa a wurin ya san haka tun kafin in zo. Wata ma'aikaciya a sashen lissafi ta taɓa tare ni a bakin ƙofa bayan irin wannan zama, ta ce, "Malam, mun gode. Mu in mun faɗa, sai a ce muna da wata manufa." Da na zama ɗan gida irin wanda ake so, abokin hirar wancan mutumin, mai jin nauyinsa, da bakina ya mutu kamar nasu. Kamfanin da ya ɗauko bare ya mayar da shi ɗan gida cikin wata uku, ya biya tsada ya sami abin da yake da shi tun da.

Sannan akwai batun adalci, wanda dokokin ƙwadago suka daɗe da lura da shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, a Shawararta mai lamba 198 ta shekarar 2006, ta ce abin da ke faruwa a zahiri shi ake dubawa wajen tantance ko mutum ma'aikaci ne, ba sunan da aka rubuta a takarda ba. Cikin alamomin da ta lissafa akwai yin aiki ƙarƙashin umarnin wani, da ƙayyadaddun sa'o'i, da kayan aikin mai wurin, da kuma shigar mutum cikin tsarin kamfanin. Wato sajewar kanta hujja ce. Kamfanin Microsoft ya ɗanɗana wannan a shari'ar da ake kira Vizcaino. Mutane ne da suka sa hannu a matsayin 'yan kwangila, amma suka yi shekaru suna aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan dindindin, shugabanni ɗaya, sa'o'i ɗaya, aiki iri ɗaya, ba tare da damar sayen hannun jarin kamfanin da rangwame kamar sauran ba. Kotu ta ba su gaskiya, a shekarar 2000 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 97. A Birtaniya ma dokar haraji da ake kira IR35, wadda ta fara aiki a 2000, tana tambayar abu guda: in an cire takardun tsakiya, wannan mutum ba ma'aikaci ba ne? Tun Afrilun 2021 matsakaita da manyan kamfanoni masu zaman kansu ne ke da alhakin amsa tambayar a kan 'yan kwangilarsu.

Ma'anar wannan a wurina mai sauƙi ce. Idan kana son mutum ya zama naka ɗari bisa ɗari, lokacinsa, biyayyarsa, darensa da ranarsa, to ka ɗauke shi aiki, ka ba shi abin da ake ba naka. Ba daidai ba ne a ce masa ɗan gida ranar da ake neman ya kwana a ofis, a ce masa bare ranar rabon alawus.

Abin takaicin shi ne darasin da kamfanoni da yawa suka ɗauka daga irin waɗannan shari'o'i. Tsoron kotu ya sa suka gina katanga a inda bai kamata ba. Katin shaida mai launi daban, wannan ba komai. Amma har da hana ɗan kwangila shiga taron da ake tattauna aikin da yake yi, da rufe masa takardun da yake buƙata. Kuma ba mutane kaɗan abin ya shafa ba: jaridar New York Times ta ruwaito a 2019 cewa Google na da 'yan kwangila da ma'aikatan wucin gadi kimanin 121,000, ma'aikatan dindindin kuma 102,000. Idan fiye da rabin masu aikinka suna bayan katangar labari, to ka shirya wa ranar da wani zai cire bawul ba a sani ba. Doka ba ta hana ka gaya wa ɗan kwangila abin da aka yanke a kan aikinsa ba.

Akwai wani abu kuma da nake so masu ba da aiki su tambayi kansu a kai da gaske. Idan aka ce "jininmu bai haɗu da shi ba", me ake nufi? Wani lokaci gaskiya ne mutumin yana da wulaƙanci, yana raina mutane, kuma wannan dalili ne isasshe na rabuwa da shi komai ƙwarewarsa, domin zai tafi ya bar ma'aikatanka da ciwon da ya ji musu. Amma na ga an faɗi haka a kan mace mai tashi da zarar lokaci ya yi don ta ɗauko 'ya'yanta. Na ga an faɗa a kan mai shiru-shiru wanda bai iya raha ba, da wanda harshensa ko addininsa ya bambanta da na yawancin ofis, da wanda ya girmi manajan da shekaru. Ma'aikacin dindindin in aka yi masa haka yana da inda zai kai kuka. Ɗan kwangila ba a ma korarsa, ƙin sabuntawa kawai ake yi, ba wanda zai nemi dalili. Shi ya sa nake ganin duk manajan da zai furta wannan kalma ya wajaba ya iya kawo misali: wane saƙo ne bai isar ba, wane aiki ne ya tsaya saboda shi, wa ya ci wa mutunci. In babu ko ɗaya, to ba a kan aiki ake magana ba.

Tsawon zama ma yana canza lissafi. Wanda aka kira ya gyara na'ura ɗaya cikin kwana biyu, abin da ake buƙata gare shi kaɗan ne: ya bi ƙa'idar tsaro, ya sanar kafin ya kashe wani abu, ya bar bayanin abin da ya yi. Wanda zai shekara a cikin sashe yana rubuta manhaja tare da mutum shida, dole ya rubuta irin yadda suke rubutawa, ya yarda su duba aikinsa shi ma ya duba nasu, domin su za su rayu da abin bayan tafiyarsa. Mai aiki daga nesa ta intanet kuwa nauyinsa ya fi, tunda ba zai ji abin da ake faɗa a baranda ba, sai ya riƙa tambaya da gangan, kuma sai an tuna da shi da gangan.

Yanzu kafin in sa hannu a kowace yarjejeniya, nakan nemi a gaya mini mutum ɗaya da zan riƙa komawa gare shi, da tarukan da za a sa ni a ciki, da wanda zai karɓi aikin ranar da zan tafi. Na ƙarshen nan nakan nace a kansa, in nemi a haɗa ni da shi tun makon farko, ya zauna kusa da ni, ya riƙa taɓa abin da hannunsa tun ana ginawa, domin bayanin da aka tara aka zube wa mutum a ranar sallama ba ya zama a kai. Nakan kuma faɗi sa'o'in da za a same ni da waɗanda ba za a same ni ba, da cewa duk ƙarin aiki sai mun rubuta shi mun yi masa kuɗi da lokaci. Wasu manajojin sukan ji daɗi, har su ce ba a taɓa yi musu waɗannan tambayoyi ba. Wasu kuma fuskarsu takan canza tun a kan batun sa'o'i. Waɗannan nakan roƙe su mu koma kan takarda, mu rubuta dalla-dalla abin da suke so a yi da ranar da suke so a gama, kafin a kai ga maganar kuɗi.